Ku Tambayi Mai Nutso: Da Wane Kaya Ake Shiga Ruwa Neman Mutum?

Tun da damina ta kankama, wasiƙun da ke zuwa wannan fili kusan duk a kan abu guda suke: ruwa ya ci mutum, wa zai shiga, kuma da me zai shiga. Na zaɓi biyar, na rage tsawon wasu saboda wuri. Ina amsawa da abin da na koya a aikin nutso a ruwan Neja Delta, da abin da nake gani tun da na dawo gida ina bin masu aikin ceto zuwa koguna da madatsun ruwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kwana-kwana ne. Duk damina ana kiranmu kududdufi ko rafi mu ciro yara, kuma da gajeren wando da igiya muke shiga. Wani bawan Allah ya yi alkawarin saya mana kayan nutso. Ɗan kasuwa ya turo lissafi daga Legas: tukunyar oksijin biyu, gilashin ido, takalmin iyo da rigar roba. Sun isa? (Daga Kano)

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri, amma ka roƙe shi ya dakata da biyan kuɗin tukuna.

Abin da ake ɗura wa tukunyar mai nutso iska ce irin wadda muke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari oksijin, sauran kusan duk naitirojin, an tace ta an matse. Oksijin zalla, irin na asibiti ko na masu walda, in aka wuce zurfin mita 6 da shi yana iya jefa mutum cikin farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa. Ka tabbatar wa kowa a ofishinku cewa ba a kai tukunyar nutso wajen mai walda, ko da kuwa ta ƙare ana tsakiyar aiki.

Sannan lissafin da aka turo maka na ɗan yawon buɗe ido ne, wanda zai shiga Bahar Maliya ya kalli kifi a ruwa garai-garai. Tun 1943 da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska a ruwa, yawancin kayan da ke kasuwa don irin wannan mutumin ake yin su. Kai kuwa kududdufi za ka shiga, inda ko tafin hannunka ba ka gani, ƙasa cike da laka, leda, waya, tsohuwar taya da fasassun kwalabe. Don haka abu biyu ake sa wa a rai wajen haɗa kayanku: mai nutso ba zai ga komai ba, kuma ko ba jima ko ba daɗe wani abu zai riƙe shi.

Abu na farko da zan saya ba ya ma cikin lissafin: ɗamarar ƙirji da igiya. Ɗamarar ana sa ta a ƙarƙashin sauran kaya, da zoben ƙarfe a tsakiyar ƙirji, a maƙala igiya da ƙugiya mai kulle. Igiyar ƙugu da kuka saba da ita, in aka ja mutum da ƙarfi naɗe shi take yi gida biyu, wani lokaci ta sulluɓe. Kuma ba a ɗaura igiya a rigar iska (wadda ake hura wa iska ta ɗago mai nutso) ko a tukunya, domin ranar da mai nutso ya cire kayansa don ya kuɓuta, igiyar za ta tafi da kayan ta bar shi. Ɗaya bakin igiyar yana hannun mutum guda a bakin ruwa, wanda ba shi da wani aiki sai ita. Shi ne idon mai nutso. Yana tsaye wuri ɗaya, mai nutso yana lalube daga dama zuwa hagu da igiya a miƙe, in ya kai iyaka a sakar masa kamar tsawon hannu ya juyo. Da haka ake sanin inda aka duba da inda ba a duba ba. Magana kuma da jan igiya ake yi: ja ɗaya lafiya lau, ja kaza na samu, ja kaza ina cikin matsala. Ƙungiyoyi sun bambanta wajen ƙirgan, abin da ake bukata shi ne ku tsayar da naku, kowa ya haddace. Mai riƙe igiya shi ke duba agogo, shi ke kallon kumfa, tunda a baƙin ruwa mai nutso ba ya iya karanta agogon iskarsa ko ya manna shi a fuska.

Na biyu, ƙaramar tukunya ta daban mai regiletarta, wato na'urar da ke rage matsin iskar tukunya don a iya shaƙa. Bari mu yi lissafi. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) tana ɗauke da lita 2,400 na iska. Duk mita 10 da ka sauka matsi yana ƙaruwa da bar ɗaya, wato a mita 10 kana shan ninki biyu na abin da kake sha a sama. Mutumin da ke jan jiki a laka zai iya shan lita 30 a minti a sama, ya zama 60 a can ƙasa. In ka ware bar 70 na fitowa, aikinka bai wuce minti 26 ba. To in raga ta riƙe shi a minti na 20 fa? Ƙaramar tukunya mai lita 3 tana da lita 600, kimanin minti bakwai ga mutumin da tsoro ya kama. A cikin waɗannan mintunan ɗan'uwansa zai bi igiya ya same shi. Masu yawon ruwa suna rataya regileta ta biyu a tukunya guda don su bai wa aboki. A aikinku babu aboki a gefe, kuma in babbar tukunya ta ƙare ko ta lalace, regiletocin biyu tare suke mutuwa. Akwai ƙungiyoyin da ke barin regileta ta biyun, ni dai ina tare da masu cire ta, domin doguwar tiyo ce kawai da za ta riƙa kama shara.

Na uku, takunkumin da ke rufe fuska gaba ɗaya, maimakon gilashin ido da roba a baki. Ruwan kududdufan birni ruwan kwata ne, wani wurin har da na masana'antu, kuma mai roba a baki sai ya haɗiyi ruwa komai kiyayewarsa. Irin su Divator na kamfanin Interspiro na ƙasar Suwidin suna riƙe iskar ciki da matsi kaɗan fiye da na waje, don in an samu kafa iska ce za ta fita, ruwa ba zai shiga ba. Mutum ko ya suma yana ci gaba da numfashi. Da irin wannan takunkumin aka fito da yaran nan 12 da kocinsu daga kogon Tham Luang na Tailan a 2018, bayan an yi musu allurar barci. Ana iya sa masa waya ta bi cikin igiya, mai nutso ya riƙa magana da na sama. Aibinsa shi ne in ka cire shi ka rasa iska da gani lokaci guda, don haka ko dai a sa makunnin da ke juya shi zuwa ƙaramar tukunya, ko mutum ya riƙe ƙaramin gilashi a aljihu, ya kuma saba da canzawa ido a rufe.

Tukunya biyu kuwa ba su isa ba, saboda mutum guda ba ya nutso sai akwai na biyu zaune a bakin ruwa, sanye da kayansa tsaf, shi ma da mai riƙe masa igiya. Ƙungiyoyin da suka san aiki suna ƙara na uku da ya kusa gama shiri. Ka ce wa mai taimakon ya sayi cikakkun kaya na mutum uku, ya kuma ware kuɗin horo kafin komai. Wanda ya shaƙi iskar tukunya a ƙasa ya riƙe numfashi ya taso, huhunsa na iya fashewa ko a ruwan da bai wuce mita biyu ba, kuma wannan shi ne abin da jikin gwanin iyo ya saba yi ba tare da tunani ba. Ku kuma gaya wa mai horar da ku cewa Kano ta fi mita 400 a saman teku, Jos ta haura 1,200. Jadawalin nutso na yau da kullum, mai nuna iya lokacin da za a yi a kowane zurfi, iyakarsa mita 300 a saman teku, sama da haka sai an gyara lissafi.

TAMBAYA: Muna da tukunyar iska da takunkumin da muke shiga hayaƙi da su. Ba za su yi a ruwa ba, tunda duk iska ce? (Daga Gusau)

AMSA: Ba za su yi ba, ɗan'uwa. Iskar ciki ɗaya ce, amma regiletar an ƙera ta ne don ta yi aiki a sarari, ba a gwada ta da matsin ruwa ba, tana iya kwararar da iskar gaba ɗaya ko ta ƙi bayarwa. Tukunyar zamani marar nauyi yawo take a saman ruwa, ta kifa mutum. Babu rigar iska da za ta ɗago ka, babu darmar nauyi, wadda mai nutso ke ɗaurawa, da za ka yar. Inda kayan nan suke da amfani shi ne rijiya da masai, inda gurɓatacciyar iska ke kashe wanda ya faɗa da wanda ya bi shi. Can ku sa su, ku tsaya a saman ruwan.

TAMBAYA: Baba, mu gidan Sarkin Ruwa ne, mun gaji nutso. Ba mu taɓa goya tukunya ba, amma duk haɗarin jirgi mu ake kira. Yanzu ana cewa za a kawo masu kaya. Shin aikinmu ya ƙare ke nan? Kuma wuƙar da nake ɗaurawa a ƙwauri ta isa in kalli, ragar kamun kifi, ya kama ni? (Daga Yawuri)

AMSA: Ɗana, aikinku bai ƙare ba. A watan Mayun 2021 da jirgin da ya taso daga jihar Neja ya nufi Wara ya tarwatse a Kogin Neja, da watan Nuwamban wannan shekarar da jirgin ɗaliban Islamiyya ya kife a Bagwai, masu nutso na gargajiya suna cikin waɗanda suka yi ta ciro mutane. Baƙon da ya zo da tukunya bai san inda ruwa ke juyawa ba, bai san inda gawa ke maƙalewa ba, bai san makwancin dorina ba. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta cinye tsohon garin Bussa da dazuzzuka, kututturan suna nan tsaye a ƙasa, kamar yadda suke a tafkin Bolta na Gana, kuma ku ne kuka san layinsu. Duk shugaban masu nutso da ya iso bai fara zama da Sarkin Ruwa ba, ni ban yarda da aikinsa ba. Kuma babu wanda ya fi ɗan masunci dacewa a koya wa riƙe igiya, daga nan a koya masa tukunya.

Gargaɗi ɗaya mai ƙarfi: in kana nutso da numfashinka ka haɗu da mai tukunya a ƙasa, kada ka karɓi ko shaƙa ɗaya daga gare shi. Iskar da ka shaƙa a can za ta kumbura a ƙirjinka kana tasowa.

Wuƙa a ƙwauri kuwa wuri ne marar kyau. In kalli ya naɗe maka kafaɗa da hannu, ta yaya za ka kai ƙwauri? Ana sa kayan yanka a ƙirji, tsakanin haɓa da ƙarshen haƙarƙari, inda kowane hannu zai kai, kuma ba guda ɗaya ba, biyu ko uku, domin a duhu na farko yakan faɗi. Zaren roba na kallin zamani gudun wuƙa yake, sai ka ja shi da hannu ɗaya ka yanka da ɗayan. Almakashin da ma'aikatan asibiti ke yanka tufafin majinyaci da shi ya fi wuƙa nesa ba kusa ba: hannu ɗaya ya isa, bakinsa ba tsini, kuma ba shi da tsada. Ga mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, a ƙara ƙaramar filaya mai yanka waya. Mai tukunya ya fi ka shiga haɗarin raga, saboda kan tukunyar yana bayan wuyansa inda ba ya gani. Shi ya sa ake cire duk abin da ke reto, a manne tiyo a jiki, a naɗe bakin maɗaurin takalmi da salatif. In an kamu, ba a juyawa. Juyawa ita ke mayar da zare ɗaya goma. A tsaya cak, a ja igiya, a fara yanka a hankali.

Game da ƙarfin ruwa, ku jefa kara. In ya yi tafiyar mita biyar cikin daƙiƙa goma, wannan shi ne iyakar da dokar aikin nutso ta Amurka ta hana mai tukunya wucewa ba tare da igiya ba. Kogin Neja a cikarsa yakan wuce haka, kuma akwai ranakun da ko da igiya ba a shiga.

TAMBAYA: Malam, ƙanena ya nutse a wata madatsar ruwa da la'asar. Masu kaya sun iso bayan magariba, suka ce ba za su shiga ba sai da safe, kuma sai an rufe ƙofar ruwa. Mahaifiyarmu ta kwana a bakin ruwan. Har yau zuciyata ba ta yafe musu ba. In ba za su shiga ba, mene ne amfanin kayan? (Daga wata 'yar'uwa)

AMSA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba Mama haƙuri. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ruwa ya ci yana cikin shahidai, muna yi masa fatan haka.

'Yar'uwa, zan gaya miki gaskiya ko da za ta yi ɗaci, domin na tsaya a inda mutanen nan suka tsaya, iyaye suna kallona. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan 'yan mintuna babu iska. Masu binciken nutsewa a Ingila sun fitar da ma'auni a 2011: in ɗumin ruwa ya haura digiri 6, da wuya ƙwarai wanda ya yi minti 30 a ƙasa ya rayu. Labaran da ake ji na yaran da suka farfaɗo bayan awa guda, a ruwan ƙanƙara suka faru, kuma ruwanmu ko a tsakiyar hunturu ba ya kusantar wannan sanyin. Lokacin da suka iso, aikin ya riga ya tashi daga ceto ya koma ɗauko gawa. A ceto ana yarda a ɗauki kasada don rai. A ɗauko gawa ana jiran haske, ana jiran a rufe ƙofa, saboda wanda zai shiga shi ma akwai uwar da ke jiransa.

Maganar ƙofar ruwa ba uzuri ba ce. Inda ruwa ke ratsawa ta kafa daga sama zuwa ƙasa, yana tsotsar duk abin da ya matso. Bututu mai faɗin santimita 30 kacal, a zurfin mita 5, yana riƙe mutum da nauyin kusan kilo 350. Ba a ganinsa, ba a jinsa sai ya kama, kuma in ya kama, maza goma a kan igiya ba za su ɓamɓaro shi da rai ba. Ƙa'ida ita ce a rufe, a sa kwaɗo, makullin ya zauna a aljihun shugaban masu nutso har kowa ya fito.

Akwai inda ake ci gaba da sa rai, kuma ina so masu karatu su san shi. A watan Mayun 2013 jirgin Jascon-4 ya kife a teku kusa da gaɓar Neja Delta, ya sauka zurfin kimanin mita 30. Masu nutso sun shiga ɗauko gawarwaki, sai hannu ya kama ɗayansu: mai dafa abincin jirgin ne, Harrison Okene, ya yi kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Ba a fito da shi kai tsaye ba, sai da ya yi kwanaki a ɗakin matsin iska, don naitirojin ɗin da ya taru a jikinsa ya fita a hankali. Saboda haka in jirgi mai rufi ne ko mota, a ƙwanƙwasa a saurara. Wanda ya nutse a buɗaɗɗen ruwa ba shi da irin wannan lungun.

Amfanin kayan a irin ranarku shi ne a samo shi da wuri, kafin ruwa ya canza shi, a kuma yi masa sutura tun a ƙasa. Ana saka mamaci a jaka mai raga a can ƙarƙashi, a ɗaura mata igiyarta daban a jawo, don kada taron bakin ruwa da masu ɗaukar hoto da waya su ga abin da bai kamata ba. Mai nutso ba ya ɗaura gawa a jikinsa, ba ya kuma cika rigar iskarsa don ya ɗaga ta, domin in ta kuɓuce masa zai harbo sama da gudu. Ina fata haka aka yi wa ƙanenki da safen.

TAMBAYA: Mun samu kwamfuresa ta cika tukunya. Za mu iya ajiye ta a ɗakin janareta? Kuma rigar da ba ta shan ruwa da ake talla, ta dace da zafinmu? (Daga Gaya, Jamhuriyar Nijar)

AMSA: Kada ku kusantar da su. Hayaƙin janareta da ke kashe iyali suna barci, shi kwamfuresa za ta zuƙa ta matse muku a tukunya, kuma gubar da ke cikinsa, wato carbon monoxide, ba ta da wari. Ma'aunin Turai na iskar shaƙa bai yarda wannan guba ta wuce kashi 5 cikin miliyan ba. A ja tiyon zuƙar iska zuwa sama, ta ɓangaren da iska ke kaɗowa, nesa da salansar mota da injin jirgi. A canza matacin a kan lokaci, zafi yana saurin cinye shi. Iskar da ke warin mai ko ta sa ciwon kai, a zubar. Kowace tukunya a leƙa cikinta duk shekara, a yi mata gwajin matsi duk shekara biyar, ranar gwajin tana buge a wuyanta, ku duba kafin ku sayi ta hannu. Kada a bar ta a bayan mota cikin rana.

Busasshiyar riga ta roba ita ce daidai ga ruwan kwata da inda mota ta zubar da fetur, amma a zafin digiri 40 tana iya kayar da mutum kafin ya taɓa ruwa, musamman mai jiran ko-ta-kwana da zai zauna a ciki. A yi masa rumfa, a bar zik a buɗe, a riƙa zuba masa ruwa yana sha. Ga kogi irin naku, siririyar rigar roba mai rufe jiki duka, da safar hannu da takalmi mai kauri, sun wadatar. Wanda ke da buɗaɗɗen rauni kada ya shiga. Bayan an fito a wanke mutum da kayansa da sabulu da ruwa mai tsabta tun kafin ya cire takunkumi. Tsargiya ta fata take shiga, rigar da ke shan ruwa ba ta hana ta, don haka duk mai wannan aiki ya riƙa zuwa gwajin fitsari da bayan gida, in an gani a ba shi maganin praziquantel.